Rabin Mutum

A Greenock magatakarda ya tsoma alƙalami,
ya fara da kaya kafin ya zo kanmu:
ƙarfen titin dogo, tan tamanin,
fale-falen dutsen rufi dubu goma sha ɗaya,
gishiri, ƙusoshi, gangunan barasa,
raguna biyu da suka fi mu gata,
da ƙararrawar coci, an naɗe harshenta da tsumma
kada ta yi magana kafin a isa.
Sannan ni, Oighrig, bazawara daga Skye: mutum ɗaya.
Tormod, shekara shida: rabin mutum.
Haka dokar jirgi take, in ji shi,
rabin gado, rabin ruwa, rabin biskit.
Tormod ya ja hannun rigata:
wane rabin nawa aka rubuta, na sama ko na ƙasa?

Muka sauka cikin cikinsa.
Warin kwalta, warin amai, warin jiƙaƙƙen ulu.
Biskit sai an ƙwanƙwasa shi a katako
masu gida su fito, sannan baƙo ya ci.
Tsoho Ùisdean yana kwana da safa a ƙirji,
cike da ƙasar gidansa da aka ƙona don a ba tumaki wuri.
Ba ya barin kowa ya taɓa, sai Tormod.

Sai iska ta yi fushi da mu kwana goma sha tara.
Filafilai suka rataya kamar shanya.
Ruwan ganga ya yi kore.
A nan ƙyanda ta shigo,
ita da ba ta biya kuɗin jirgi ba,
ba a kuma rubuta ta a takardar kowa ba.

Lowrie, mai ɗinkin filafilai, shi ke ɗinke su.
Yatsunsa kamar saiwa, amma ɗinkinsa ƙanana.
Ba abin da zai nutsar da su,
sai ya dinga sauka rumbun kaya da dare,
dutse biyu ga kowane yaro,
ɗaya a baya, ɗaya a ƙafa.
Nawa shi ne na bakwai.
Kyaftin ya yi addu'a da ido ɗaya a sama,
don iska ta fara dawowa.
Ùisdean ya kwance bakin safa, ya zuba rabi a kan likkafanin.
Teku ba ta ko yi tari ba.

Can kudu, inda igiyar ruwa ta fi tsaunin garinmu,
tsumman ƙararrawa ya kwance.
Dare uku tana bugawa a ƙarƙashin gadajenmu,
ba limami, ba Lahadi.
Maza suka toshe kunne.
Mu tara ba mu toshe ba.

Kwana ɗari da goma sha bakwai, Port Chalmers.
Wani magatakarda, alƙalami iri ɗaya.
Yara tara: ya cire huɗu da rabi, ya busa tawada.
Raguna lafiya lau, har sun yi ƙiba.
Da aka zo kan duwatsu, goma sha takwas babu.
Nan fa aka tada jijiyar wuya har faɗuwar rana,
aka sake ƙirgawa sau uku,
aka zaftare albashin Lowrie.
Bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba.

Yanzu wankau nake yi a Dunedin,
shekara ashirin hannuna cikin ruwan wasu.
An rufe cocin da duwatsun nan,
sai kusurwar arewa da ba su kai ba,
aka lallaɓa ta da katako.
Tana yoyo.
Kowa ya san bencin, kowa yana gudunsa.
Nan nake zama.
In an buga ƙararrawa, ruwa ya sauko,
yakan ɗiga a cinyata, a hankali,
daidai inda kansa yake kwanciya,
rabin na sama.